Akwatin da Ya Koyi Sallama

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki, da ta mai jego, da ta jaririn da har yanzu ban ɗora ido a kansa ba. Yaya gwiwar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya mana abin da aka samu.

Bayan haka, akwai abin da na ɓoye miki, don kada in haɗa miki hidimar jego da fargaba. Tarin nan da kika bar ni da shi bai tafi ba. Ranar Talata likitan ƙaramin asibitinmu ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ga wani duhu a huhun dama, ya ce ba zai yanke hukunci ba sai likitan huhu na babban asibiti ya duba. Shi kuwa wancan likita zai yi tafiyar wata guda ranar Alhamis da azahar. Ta layi ake aika hoton, layin kuma ya mutu tun da aka sauya akwatin da ke riƙe da shi a ɓangarenmu. Ya rage mini ko in yi tafiyar awa bakwai a mota da wannan ƙirji, ko in zauna wata guda ban san abin da nake ɗauke da shi ba.

Da hantsin Alhamis ina zaune a benci kusa da ɗakin na'urori, carbi a hannu, aka ce injiniya ya iso. Na ɗaga kai, sai ga 'yarmu Auta da jakar aikinta. Ashe layin asibitin yana cikin waɗanda take kula da su, ban sani ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini faɗan ɓoye ciwo da muryarki sak, sannan ta shiga.

Na leƙa ta ƙofa. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, fitilu koraye suna ƙiftawa, guda ɗaya ja. Ta gwada wayar layin, ta samu lafiyarta ƙalau. Daga nan ta shiga yi mini bayani, ina jin don ta kwantar da nata hankalin ne. Ta ce akwatunan biyu, namu da na can, an saita su bisa ƙa'ida guda mai suna HDLC, amma maƙeransu daban ne, kowane ya yi mata ƙari irin nasa, shi ya sa kowanne ke watsar da saƙon ɗan'uwansa yana zaton gurɓatacce ne. Nan take na tuna ɗaliban nan nawa biyu da suka yi ta yi wa juna gyaran karatun Alƙur'ani har suka kusa dambe, alhali kowa daidai yake, ruwayar karatunsu ce ta bambanta.

Na tambaye ta ko babu ƙa'idar da duka biyun suka sani. Ta ce akwai wata tsohuwa, Frame Relay, amma ta masu rassa da yawa ce, mu kuwa gida biyu ne kacal. Akwai kuma PPP, wadda kowane akwati ya yarda da ita. Ita sai ta yi sallama an amsa, an daidaita sharuɗɗa, an tabbatar da wanda ke bakin ƙofa, kafin ta shigar da kaya. Na ce mai sallama ita ce mai tarbiyya, a ɗauke ta.

Auta ta kira abokin aikinta na can, suka sauya zuwa PPP tare. Saura minti arba'in azahar jar fitilar ta koma koriya, hoton ya tafi. Likitan ya duba kafin ya fita: tabon tsohon ciwo ne, ba abin da muke tsoro ba. Maganin kwana goma kawai. Alhamdulillahi! A wurin na yi sujadar godiya, sai da Auta ta kamo hannuna na iya miƙewa.

Kin sani ni ne na kira karatun yarinyar nan wasan wayoyi, ke kika tsaya mata. Shekara shida ban taɓa tambayarta me take yi ba. A hanyar gida na roƙe ta ta sake yi mini darasin daga farko. Ta ce sai na zo da littafi da alƙalami, kuma ban da gyangyaɗi, kamar yadda nake gindaya wa ɗalibaina. Gobe bayan la'asar za mu fara.

Ita Auta na nemi afuwarta, ta yafe mini. Saura taki. Kada ki taso saboda ni. Ki kammala hidimarki cikin natsuwa.

Ki gaishe mini da mai jego da maigidanta. Wassalam.

Mijinki,
Baban Auta