Gajeren Wando a Gaban Suruki

Lahadi, 6 Oktoba 1957

Yau rigata ta kama ƙwallo.

Wasa munka yi da samarin Tibiri a filin bayan lakkwal, makarantar boko. Ina bakin layi kamar kullum, cikin babbar rigata fara wadda matata Kaltume ta sa anka buga jiya, wai mai koyar da ƴan ƙwallon Dogon Dutsi ba ya fita kamar mai tallar gawayi. Ana gab da tashi, Habu kapitan ya kwaso ta ta gefena, babu kowa gabanshi sai mai tsaron gidan Tibiri. Ban san sa'ad da ƙafata ta shiga fili ba. Na ɗaga hannu ina ce mashi ya buga, iska ta buɗe hannun riga, ƙwallo ta yi tsalle ta shige ciki ta kwanta kamar ta samu uwarta. Sai da na zazzage kana ta faɗo.

Alƙalin wasa ya busa usur. Mutanen Tibiri sunka yi dariya har wani tsoho ya zauna ƙasa. An tashi babu ci.

Mutum guda ne bai yi dariya ba, mai tsaron gidanmu. Ya duƙa yana cirar ƙayar da ba ta soke shi ba. Maikano ke nan, na rubuta sunan tunda takarda ba ta da baki. Tun bara da ya auri ɗiyata Zalihatu ban sake kiranshi ba, shi kuma bai sake duban idona ba. In ina da magana sai in ce, Habu, faɗa wa mai tsaron gida ya daina fitowa da wuri. Yana tsaye nan kusa da ni, yana ji. Habu ya juya ya faɗa mashi. Haka muke horo, kuma bai taɓa ɓata mana komai ba.

Talata, 8 Oktoba

Mushe direkta ya kira ni biro, wato ofishinshi, shi ne Baturen da ke riƙe da sha'anin wasanni. Ya ce ran sha ɗaya ga Nuwamba ƴan Ƙonni za su zo, kumandan, Baturen da ke mulkin gari, zai zauna ƙarƙashin rumfa, ba ya son a sake ganin tanti yana yawo bakin fili. Mai koyar da ƴan wasa sai ya sa kayan wasa: rigar ƙwallo da suke ce wa mayo, gajeren wando, doguwar safa, usur a wuya. In ba zan iya ba, Inusa akawu zai karɓi yaran. Inusa ya yi karatu a Yamai, ya san ƙwallo a jarida.

Na ce mashi cikin Faransancin bariki, mushe, ina da jikoki. Ya ce shi ma yana da su. Ya turo kujera baya ya nuna mani nashi gwiwoyin, jajaye kamar gauta.

Ya ba ni wandon a naɗe. Nashi ne, tsoho. Na sa cikin aljihun riga na fito, ina gaida mutane a hanya kamar wanda ya sato kaza.

Laraba, 9 Oktoba

Ban buɗe shi ba.

Jumma'a, 11 Oktoba

Da ina soja na sa gajeren wando shekara da shekaru, a Kati da Dakar da ƙasar sanyi. Can na koyi ƙwallon ma. Amma can wa ya san ubana? Kuma gwiwar saurayi daban. Waɗannan nawa yanzu kamar kulki biyu, ga tabon harbi a ta hagu, ga furfura har can, abin da ban lura ba sai yau.

Bayan masallaci na kulle ɗaki na gwada. Kayan aro ba ya rufe katara, ashe masu karin magana wannan wandon sunka gani. Bature gajere ne mai tumbi. Ƙugun ya yi mani yawa, tsawon ya yi mani kaɗan.

Kaltume ta turo ƙofa, ashe sakatar ba ta kama ba. Ta tsaya da ƙwarya a hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta koma sama. Ta ce, "Sarjan, Babule ne sunka hau ka, in aika a kira masu goge?" Iskokin nan take nufi, masu sa mutum ya yi ta fareti yana kwaikwayon Turawa. Na ce mata aiki ne. Ta ce aikin da ke tuɓe dattijo dai ta san sunanshi, wankan gawa.

Ta fita. Na ji ta a madafa tana tari, irin tarin da ba na hayaƙi ba.

Talata, 15 Oktoba

Inusa ya zo kallon horo da wandonshi fari ƙal da littafi a hammata. Ya gaishe ni da ladabi, ban ce bai yi ba. Amma ya tsaya yana ƙidaya yarana da ido, kamar mai jiran rabon gado.

Yaran nan ni na tara su. Lokacin da munka fara, tsumma muke naɗewa da igiya, gungume biyu ne gida. Habu kuka yake in an taka shi.

Asabar, 19 Oktoba

Na kai wa Ɗantala tela wandon ya rage ƙugu. Na ce na wani yaro ne. Ya ɗaga shi ya duba, ya ɗauko igiyar awo ya zagaya ƙuguna. Da zan fita ya ce a gaida yaron.

Lahadi, 27 Oktoba

Zalihatu ta zo da jaririnta. Uwarta ta riga ta faɗa mata, na gani ga yadda take zuba mani ruwa. Ta yi ta kewaye-kewaye, hatsin bana, ciwon haƙorin yaro, sannan ta ce, "Baba, shi fa ba ya barci tun da ya ji." Ba ta ce wa ba. Ban tambaya ba.

Na so in ce mata in na bar su, Inusa zai cire mijinta ya sa ɗan gidan wani gardi, dogarin kumandan, na ji yana faɗa. Ban faɗa ba, don ba gaskiyar duka ba ce. Gaskiyar ita ce ban san abin da zan yi da Talata da Asabar ba in babu fili.

Kakata takan ba mu labarin kura da ta aro fatar rago don ta shiga biki, ta manta wutsiya a waje. Muna yara muna yi wa kura dariya. Ba wanda ya taɓa tambaya ko ita ma tana da surukai a wajen bikin.

Lahadi, 10 Nuwamba

Na gaya wa direkta zan sa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Litinin, 11 Nuwamba

Da safe fareti. Mu tsofaffin soja munka jera gaban bariki da lambobinmu a ƙirji, kumandan ya bi yana ba mu hannu, makaɗa suna kirari. Da safe ni mutum ne.

Da la'asar na tafi fili da riga a kan kayan. Gari duk ya fito, har mata a bayan darni, har Fulani da sunka kawo shanu kasuwa sunka tsaya dogare da sanduna. Na tuɓe rigar bayan rumfa na ba Inusa ya riƙe, tunda shi ke son riƙon abin da ke nawa. Na fito.

Da dariya sunka yi da ta fi mani sauƙi. Shiru anka yi. Wani dattijon unguwarmu ya sauke kai yana jan carbi. Iska kuma ta taɓa ni inda ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa ba.

Anka fara. Ina tsaye daga hannun hagun gidanmu. Ba a jima ba wani siririn yaron Ƙonni ya gangaro ta gefena ya buga wata ƙwallo mai sanyi, wadda ko Kaltume za ta tare da zane. Ta wuce ta gefen ƙafar mai tsaron gidanmu ta shiga. Fuskarshi na can dama, yana kallon dutse. Na ce tsautsayi ne.

Ƴan Ƙonni ba wawaye ba ne. Sunka dawo ta nan, sunka sake dawowa. Ta biyu ma haka ta shiga, yana tsaye a karkace kamar mai ciwon wuya. Ina ta ihu, Habu, faɗa wa mai tsaron gida ya duba hagu. Habu yana faɗa mashi. Yana gyaɗa kai, wuyan bai juyo ba.

Da anka tafi hutu Habu ya jawo ni gefe, shi ma idonshi na sama. Ya ce, "Sarjan, hagun ce ba ta dubuwa. Kai ne a hagun."

Sai lokacin na gane. Yaron nan gari duka na zaginshi, ana ce mashi rariya, shi kuwa kunyata yake tsarewa, ya bar gida buɗe.

Na duba rumfa, direkta na kallona. Inusa na riƙe da rigata a hannu biyu kamar mai miƙo ta. In na karɓa, shi ke nan, yara sun zama nashi. In na koma ɗaya gefen, ƴan Ƙonni su bi ni can.

Ban san wanda ya tuƙa ƙafafuna ba. Na ratsa fili har gaban gida. Da ya ga ina zuwa ya durƙusa, yadda ya saba, ya sauke ido ƙasa. To mai durƙuso in ya sauke ido gaban mai gajeren wando, ina idon zai sauka? Sai ya rufe su gaba ɗaya.

Na ce, "Maikano."

Da bakina, gaban Dogon Dutsi da Ƙonni.

Na ce, "Buɗe ido ka dube su. Gwiwoyi ne, ubanka ma yana da biyu. Duba ka ƙoshi, kana ka tashi ka tsare mani gida."

Ya buɗe. Ya duba. Ban taɓa ganin zufa ta zubo wa mutum haka ba. Ya ce, "To, Baba."

Bayan hutu babu abin da ya sake wuce shi. Ya yi ta faɗuwa hagu da dama kamar mai neman ƙasa ta haɗiye shi, kowace faɗuwa kuma da ƙwallo a ƙirji. Habu ya rama ɗaya. An tashi biyu da ɗaya, su ke da biyun.

Kumandan ya ce kayan sun yi kyau.

Na dawo gida ta bayan gari, ta cikin karan gero.

Talata, 12 Nuwamba

Ban je horo ba. Ban je masallaci ba, a ɗaki na yi.

Alhamis, 14 Nuwamba

Kaltume ta dawo daga rijiya da labari. Ba cin da anka yi mana ake zance ba, ba ma wandon ba. Cewa ake Sarjan Jibo ya kira surukinshi da suna tsakiyar fili ya ce ya dubi tsiraicinshi. Na ce gwiwa na ce. Ta ce kafin zancen ya kai ƙauyen Dumega ya hau sama da gwiwa.

Ta ce uwar Maikano ta wuce ta ba ta gaishe ta ba, don ba ta san da wace fuska za ta gaishe ta ba. Zalihatu ba ta zo ba.

Ni na yi wa yaron wannan. Shi bai roƙi kowa ya tuɓe ba.

Asabar, 16 Nuwamba

Inusa ya yi masu horo. An ce ya zana masu fili a ƙasa da kara ya yi ta bayani har rana ta faɗi, ba a taɓa ƙwallo ba. Na ce madalla. Gobe in Allah ya kai mu zan mai da wa direkta wandonshi.

Lahadi, 17 Nuwamba

Ban kai ba, biro a rufe yake ran Lahadi, na manta.

Da hantsi ina zaure anka yi sallama. Shi ne, shi kaɗai, babu Habu. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa bakin ƙofa. Munka gaisa, gida, gajiya, yaro, hatsi. Gaisuwa ta ƙare bai tashi ba. Ina jira ya ce ya bar ƙwallo, ko abin da ya fi wannan.

Yana zanen ƙasa da yatsa ya ce, "Baba, in mutum ya taho ta hagu shi kaɗai, in fito ko in tsaya?"

Na duba ko'ina cikin zauren, babu wanda zan ce ya faɗa mashi. Sai na faɗa mashi. Bai gane ba, don abin ba na baki ba ne, sai na tashi na nuna. Munka fita tsakar gida, turmi ya zama gungume guda, tulu ya zama ɗayan. Ban san mun daɗe ba sai da inuwa ta gudu. Sau ɗaya ya ce mani ba haka ba ne, ƙafar dama ke fara tafiya. Da gaskiyarshi.

Kaltume ta kawo fura ta aje. Shi bai sha gabana ba, ni ma ban matsa ba. Ba a rushe gari rana ɗaya.

Talata akwai horo. Zan leƙa kawai, don kada Inusa ya kashe su da bayani. Na aika wa Ɗantala wandon ya ƙara mashi tsawo ko yaya. Ya aiko cewa babu sauran yadi a lanƙwasar.

Na ce to ya bar shi haka.