Ki Sayi Ƙaramin, Idanuna

Zuwa gare ki, Idanuna, sanyin la'asar bayan ruwa ya ɗauke, Zarata mai riga kowane tauraro fitowa, ke da muryarki ke sauke mini gajiyar wuni tun kafin in ajiye jaka,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki. Inna tana gaishe ki. Ƙafar nan da kika yi ta wanke mata ta warke sarai, har bene take hawa ba sanda. Ni ne dai ciwona ya ƙi jin magani, kuma mai maganin ta tafi aiki asibitin ƙauye ta bar ni.

Saƙonki ya same ni a shago, ina tsakiyar yanka gilashin taga. Na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna, na sake karantawa. Kin ce sama a can baƙa ce ƙirin, taurari kamar an ɓarar da gishiri a kan baƙin zane. Kin ce shugabar asibitin tana so ki zauna dindindin, tana jiran amsarki ƙarshen wata. Sannan kika rufe da tambayar nan: "Makanike, wane madubin hangen nesa zan saya? Mai ba da magani na nan ya ce zai taya ni ɗauko shi daga tasha." Wayyo ni! Wadda ke shirin dawowa gida, me zai sa ta ƙara wa kayanta nauyi? Wane ne kuma wannan mai ba da maganin, da har ya fara miƙo hannu? Gilashin da nake yankawa ya tsage a karkace, sai sabo na ɗauko.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa gidanmu duba Inna? Kika ga madubina jingine a kusurwar falo, ya kusa kai ni tsawo, kika tambaya ko bututun ruwa ne muka rasa inda za mu sa. Ke kika raɗa masa suna Dogo. Da magariba ta yi na haura da shi saman bene, na nemo miki tauraron nan Zuhal da zobensa. Kika sa ido, kika ɗago kina harara ta, kika ce, "Rantse ba hoto ka liƙa a gaba ba!" Har zagayawa kika yi kika leƙa bakin bututun. Tun daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba.

Abin da ya fi wannan zama a raina shi ne ranakun saita madubi. Kin san halin Dogo: madubinsa yana can ƙasan bututu, in an ɗan jijjiga shi sai ya goce, taurari su fito da jela. Notinan gyara suna gindi, wurin sa ido yana sama, hannun mutum ɗaya ba ya kaiwa. Sai mu fito baranda da rana, mu juya bakinsa ga farin bango, ke ki sa ido, ni in durƙusa a ƙasa ina murɗawa. "Kaɗan. Ƙara kaɗan. Kai, ka zarce, koma!" Ban taɓa ganin abin da kike gani ba, muryarki kawai nake bi, kuma ban taɓa jin na san inda na dosa ba kamar a durƙushen nan. Daga nan na fara kiran ki Idanuna, ke kuma kika ce ni Makanike ne.

To, kin nemi shawara, kuma ban iya hana ki komai ba. Ga ta, ko da yake kowane layi da ƙyar yake fita.

Kada hoton jikin kwali ya ruɗe ki, ya hasken raina. Duk wanda aka rubuta wai yana girmama abu sau ɗaruruwa, ki wuce shi. Faɗin bakin madubi shi ne ƙarfinsa, don shi ke tara haske, kamar yadda babban baho ya fi kofi tarar ruwan sama. Ki fi kula da mazauninsa fiye da shi kansa. In mai kanti ya kafa miki shi a kan ƙafafunsa uku, ki ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa; in ya daɗe yana rawa, ki bar masa kayansa, don wata zai yi ta tsalle a idonki har ki yi fushi ki cusa shi ƙarƙashin gado. Ki zaɓi mazauni mai sauƙi, mai juyawa sama da ƙasa, dama da hagu. Mai nauyin ƙarfe da saiti iri-iri ba na wadda ta wuni a tsaye kan majinyata ba ne.

Gilashin sa ido biyu sun ishe ki: mai faɗin fili na neman abu, da mai kusantowa na ƙare masa kallo. Kullum ki fara da mai faɗin. Ɗan ƙaramin madubin neman tauraro da ke manne a gefe, ki saita shi tun da rana a kan wani dogon ƙarfe mai nisa. Ki fitar da madubin waje ya sha iska kafin ki fara, ki ɗaure bakin tocilarki da jan ƙyalle don kada farin haske ya kashe miki ido. Rana kuwa, na haɗa ki da Allah, ko da wasa kada ki juya shi gare ta. Idanun nan ba naki ne ke kaɗai ba!

Saura babbar tambaya, wadda ta hana ni cin abinci: babba ko ƙarami? Nan na rasa yadda zan yi da raina. Sama irin ta can, Dogo ta cancanta, ko wanda ya fi shi. Zuciyata ta ce in sa ki sayi irinsa, ki ga ba ya saituwa da mutum ɗaya, ki tuna da ni. Sai na hango ki a barandar can kin sa ido kina cewa "ƙara kaɗan", wani kuma yana durƙushe inda nake durƙusawa. In kuma na ce ki sayi ƙarami, mai gilashi a gaba, wanda ba ya gocewa, wanda za ki ɗauka da hannu ɗaya ki kafa ke kaɗai, to na koya miki yadda za ki kalli sama ba tare da kowa ba, har da ni. Ina zan sa kaina? Wace ƙofa zan bi wadda ba a bayanki take rufewa ba?

Ki sayi ƙaramin. Shi ne gaskiya, shi ya dace da ɗakinki da gajiyarki. Zai nuna miki ramukan wata, da tauraron nan Mushtari da 'yan watanninsa a jere, da Kaza da 'Ya'yanta fes. Kuma ba ya buƙatar ɗan dako daga tasha, wannan ki isar wa mai ba da magani tare da gaisuwata.

Dogo kuwa ya goce tun makon da kika tafi. Na gwada ni kaɗai: in murɗa, in tashi, in leƙa, in koma, in tarar na ƙara ɓatawa. Da Inna ta gaji da ganin ina safa da marwa a baranda, ta ce in kawo ta duba mini. Ta sa ido ta daɗe, ina ta tambayar ta me take gani, sai ta ce, "Ni dai ga wani ido can yana kallo na, ban san ko na waye ba." Muka yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta nutsu ta ce, "Ɗan nan, ba madubi ne ya goce ba. Ka buɗe baki ka gaya wa yarinyar nan ta dawo." Na ce mata ba ni da wannan ikon. Aikinki ne, kin sha wuya kafin ki same shi, mutanen can kuma suna buƙatar hannunki kamar yadda Inna ta buƙace shi. Da wane baki zan ce ki bar su? Amma da wace zuciya zan ce ki zauna? Ina son ki, ina so ki dawo, ina so in aure ki, kuma ba ni da abin da zan ɗora a kan sikeli sai wannan.

A cikin ƙunshin da ke tare da wasiƙar nan akwai gilashin sa idon da kika fara ganin Zuhal da shi, na naɗe shi a safa. Ya fi duk wanda za a haɗo miki da shi a kwali, kuma zai shiga bakin ƙaramin daidai, na auna. Shi ne mafi kyau da nake da shi. Aro na ba ki, Idanuna. Kada ki ba direba, kada ki aiko da shi ta hannun kowa, ki kawo mini shi da hannunki. In kuma ƙarshen wata ya zo kin ce wa shugabarku kin zauna, to ki riƙe shi, ba sai kin yi mini bayani ba. Na rufe Dogo da zanensa na mayar da shi kusurwa, ba zan sake taɓa notinansa ba sai na ji wadda za ta ce mini na zarce.

Naki jiya, naki yau, naki ko kin dawo ko ba ki dawo ba,

Makanikenki