Ɗanɗano Ba Ci Ba Ne

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Wasiƙarki ta iso, na kuma karanta har inda kika ja layi a ƙarƙashin "ka ajiye aiki". Amsar ita ce a'a.

Gaskiya ne likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina, abin da suke kira kolestarol, kuma gaskiya ne gwaji na biyu bai nuna ya sauka ba. Amma kada ki ce ban bi doka ba. Tun ranar da aka faɗa, matata ta kulle mai da man shanu a kabad, ta rataya makullin a wuya. Da safe dafaffen hatsi, da rana wake da ganye, da dare kifin da ko ɗigon mai bai gani ba. Fatar kaza kuwa sai dai in hange ta a bakin kyanwa. Ni babban kukun otal guda, a gidana abincin zomo nake ci. Ban yi ƙorafi ba, don da ma ni ba mai ci ba ne. Gadon Baba na yi a sana'a da ciki duka. Kin tuna yadda yake dawowa daga kicin ya ture kwano ya ce a ba yara.

To in abinci ya gyaru kuma sakamako ya ƙi gyaruwa, na'urarsu ce ba ta da lafiya. Ludayin da ke hannuna na Baba ne, kuma ba takardar asibiti ce za ta ƙwace shi ba.

Ki gaida yara. Ki huta lafiya, ki kuma bar ni in huta.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka fatan sauƙi, ko da yake ka ce kai lafiyarka lau.

Na'ura ƙalau take. Ruwa ba ya tsami banza. In da gaske ganye kake ci, daga ina maiƙon yake shiga? Ka yafe mini, amma na san Anti. Ba ta iya ganin ka ɓata fuska. Makullin da ke wuyanta ai a hannunta yake juyawa, kuma ina zargin tausayi ne yake zuba maka mai a ɓoye.

Ka ambaci Baba kamar abin alfahari. Ni ce aka aika in kai masa saƙo ranar da ya rasu, Yaya. Ni na same shi kwance a gindin murhu, tukunya tana tafasa a kan wuta, ba wanda ya lura sai da miya ta fara ƙauri. Shekarunka yanzu sun kusa nasa na lokacin. Har yau ba na son warin abinci mai kamu.

Ƙarshen wata ina nan tafe. In na tarar ba abin da ya canja, da ƙafata zan je wurin manajanku in gaya masa halin da zuciyar kukunsa take ciki, ya sallame ka. Gara ka yi fushi da ni kana raye.

Ka gaida Anti. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Yayanki ya bar wasiƙarki a kan tebur, ni kuma ba makauniya ba ce. Ba zan ɓoye miki ba, ta yi mini zafi. Ni ma ganyen nan nake ci tare da shi, har zanena ya fara zamewa, sai ga shi ni ce ɓarauniyar mai.

Amma tambayarki tana kan hanya, don ni ma ta hana ni sukuni. Shi ya sa shekaranjiya na ɗauki kwano da cokali na bi shi otal. Ban nemi izinin kowa ba. Na sami buhun albasa a lungun kicin na zauna. Duk lokacin da ya kai ludayi baki, sai in tashi in ɗebi daidai abin da ya haɗiye in zuba a kwanona.

Auta, mutumin nan ba tukunyar da ke fita bai gaishe ta ba. Miyar da aka kaɗa da kirim ɗin madara, ya kurɓa, ya ce a ƙara gishiri, ya sake kurɓa ya ji ko ya ji. Romon ƙashi, ya kurɓa. Soyayyen nama, ya gutsiri gefen mai kitse, wai a nan ake gane wuta. Kwaɓin kek ma sai da ya lakato da yatsa. Ma'aikata suna ta ƙunshe dariya, shi kuma yana hararata yana cewa ina kunyata shi a gaban mutanensa. Na ci gaba da ɗiba. Kafin la'asar kwanona ya cika, na ari wani a wurin mai wanke-wanke.

Na kawo kwanukan gida na bar su suka huce. Kitse ya taso ya daskare a sama, fari fat kamar kyandir. Da ya zauna cin abinci na ajiye masa su a maimakon kifinsa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Abin da ka ci yau."

Ya ce, "Ɗanɗano ba ci ba ne."

Na ce, "To tunda ba ka ci ba, bismillah."

Ya soka cokali a ciki, cokali ya tsaya cak da kansa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya fita tsakar gida.

Yanzu ki saurare ni. Ki zo, ɗakinki a share yake, amma ƙafarki ba za ta taka ofishin manaja ba sai in ta kaina za ki bi. Ke kin san shi yaya, ni na san shi miji. Ranar da aka raba shi da murhu, zaman banza zai riga kitse kai shi ƙasa. Ban kuma nemi ki ba ni haƙuri ba, amma in kin bayar zan karɓa.

Ki shafa mini kan yara.

Matar yayanki.

*

Auta,

Gaisuwa. Haƙurin da kika aiko wa Antinki ya iso, ta ce in faɗa miki ya yi gajarta amma ta karɓa.

Ina nan a gaban murhuna. Ina ɗanɗanawa kamar kullum, sai dai yanzu in harshe ya gama aikinsa sai in tofar a kwano mai murfi. Manaja ya ce wannan ƙazanta ce, ba a otal ɗinsa ba. Na ce masa ya zaɓa, ko ni da kwanona, ko ya nemi wani kuku. Har yau bai ba ni amsa ba, ni kuma ban ɗauke kwanon ba. Gwaji na gaba sai wata mai zuwa. Abin da ya nuna, ya nuna.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Da nake komawa gida jiya, yunwa ta kama ni a hanya, irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Sai na tuna Baba yana ture kwano, mu kuma muna yabonsa, wai mutum ne marar ci. Ashe a ƙoshe yake dawowa, Auta. Da ma Inna ta taɓa bin sa da kwano ko sau ɗaya.

Ki zo ƙarshen wata. Ki zo da yunwarki, ni ma za ki tarar da tawa.

Yayanki.