Kiyashi a Bayan Rumbu

Gado, babanka ne.

Daren jiya na ji wani ƙara a tsakar gida, ƙwas, ƙwas, kamar bushiya na tonon ƙasa. Na leƙa, ashe kai ne, moɗa ke kartar gindin randa. Tashinka na huɗu ke nan, ka shanye ruwan kaf.

Ka yi haƙuri, sati uku ina duba inda kake fitsari a bayan rumbu, ba ka sani ba. Kiyashi na taruwa a wurin kamar an zubar da zuma. Ranar da ka dawo daga buro, wato ofishinku, rai a ɓace sun fi yawa, ran Lahadi kuwa 'yan kaɗan ne. Ko su ma sun san Nasaran da ke shugabantar ku ya tafi ya bar maka aikin mutum uku?

Tun da likita ya ba ka ƙwayar baƙin rai ka koma dariya, alhamdu lillahi. Amma cinka ya ƙaru, kiyashin ma sun ƙaru. Na ɗauki ƙwaya ɗaya, zan bi motar gyaɗa ta Cadawa zuwa Maraɗi, in tambaye shi ko ita ke tayar da ciwon sukarinka. Kada ka daina shan sauran kafin in dawo.

Da asuba na nuna wa liman wurin, shi da maƙwabcinmu Mudi. Mudi ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "To Malam, damuwar ce ke jawo sukarin, ko sukarin ne ke jawo damuwar?"