Jakunkuna Biyu na Mahaifin Madam Elsa

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwargidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke ina nan Vénissieux, gefen Lyon, yadda kika bar ni. Gwiwa tana yi mini gardama a matakala, shayina kuwa har yau bai kamo naki ba. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Ina rubutawa ne don ke kaɗai kike saurarena har ƙarshe ba ki duba waya ba.

Albishirinki. An yi wa Habibu haihuwa, ɗan farin naki da ba ki taɓa kiran sunansa ba. Mace ce, an sa mata sunanki, ana ce mata Ummi. Na je suna Montreuil, gefen Paris. Abin da ya faru can ne ya sa ni ɗaukar alƙalami, amma kin san ni, sai na zagaya.

Kin tuna Madam Elsa, tsohuwar Bajamushiyar da kika yi shekaru kina kula da ita a kan tudun Lyon? Kina dawowa da labarinta, ki ba ni a kan tuwo. Na ce miki tatsuniyarta ba ta kai ta kakata a Damagaram daɗi ba. A ta kakata, dodo da ruri yake shigowa gari, kowa ya gan shi ya gudu. Na Madam Elsa layin ƙuri'a ya bi, sannan manya suka buɗe masa ƙofa.

Ta ce sun sha kaye a yaƙi, sarkinsu ya gudu, aka ce yanzu talaka ke zaɓe. Kuɗi ya lalace, aka gyara, sai aiki ya ɓace. Zaɓe kan zaɓe, gwamnati ba ta gama zama ba ta faɗi, samarin jam'iyyu suna fasa wa juna kai a titi. Ba mugunta ce ta fara kama mutane ba, in ji ta, gajiya ce. Sai ga wani mai ihu, ya nuna musu waɗanda za su ɗora wa laifi. Dattawan ƙasa suka ce a ba shi kujera, su za su riƙe masa linzami. Kafin su gyara zama majalisa ta ƙone, an rufe jaridu da jam'iyyu. Likitan unguwarsu, Bayahude, ya daina samun marasa lafiya, daga baya shi ma aka daina ganinsa.

Amma abin da ya fi tsaya miki shi ne gaisuwa. Aka bar ina kwana, sai a miƙe hannu sama a ambaci sunan mutumin. Mahaifinta mai gyaran takalma ne, ba jarumi ba. Dabararsa ita ce ba ya fita sai da jaka biyu, ɗaya a kowane hannu, ko da burodi ɗaya zai sayo. In an ɗaga masa hannu sai ya gyaɗa kai, ya nuna kayansa.

Ranar da ya raka ta makaranta karɓar kyauta, malaminta ya tare shi a ƙofa, cikin ladabi ya karɓe masa jakunkunan. Aka ɗaga, shi ma ya ɗaga. “Hannun bai karye ba,” in ji ta, “kuma washegari bai ƙara ɗaukar jaka ba.” Kin yi dariya lokacin da kike ba ni labarin, sannan kika ture tuwon har ya huce.

To, Hajiya, ɗanki ya canza gaisuwa. Da, in ya kira, sai mun bi gida da aiki da sanyi da gajiya. Tun da sojoji suka karɓi mulki a gida, yakan rufe da wani kirari da ake yi can, ya dakata yana jiran amshina. Ni kuwa sai in yi tari, in tambaye shi ko ana ruwa a Paris.

Ya taɓa ce mini, “Baba, zaɓen naku me ya ba mu? Waɗanda kuka zaɓa sun ci sun ƙoshi, ana kashe mutane a ƙauyuka.” Bai yi ƙarya ba. Ban kuma ce sojojin namu su ne dodon Madam Elsa ba, Allah ya kiyaye. Sai dai abokina Malam Sani na Yamai, wanda ko bango yakan ja da gardama, yanzu in na kira shi lafiya lau kawai yake cewa. A nan ma maƙwabcinmu Bature na ƙasan bene, wanda kike aika wa naman layya, in ya gan ni sai ya kau da kai ya dubi akwatin wasiƙu. Gajiyar nan ina jin warinta ta gaba da ta baya.

Ranar suna, bayan an shafa fatiha an ci rago, aka ce a yi hoto. Na hango samari suna gyara tsayuwa, na gane abin da ke tafe. Na ce maza a miƙo mini amaryata. Aka yi dariya, aka ɗora mini Ummi, na tallabe ta da hannu biyu. Wani ya rera kirarin, hannuwa suka tashi a dunƙule. In kin ga hoton, ni kaɗai ne ban ɗaga ba. Ita ma Ummi ta dunƙule nata, amma wannan barci ne.

Habibu ya gane. Washegari ya raka ni tasha, ya ce, “Kawo jakar, Baba.” Ladabin da kika koya masa ne, ina zan hana? A bakin jirgi ya faɗi kirarin a hankali, ni da shi kawai, hannuwana babu komai. Na ce Allah ya yi masa albarka. Ya ce amin yana kallon ƙasa. Tun ranar bai kira ba.

Rabi, shi kaɗai muke da shi. Ba na son in mutu a falon nan muna gaba. Ummi kuma za ta yi rarrafe, za ta yi tafiya, in na koma ba za ta zauna a hannuna ba. Ina jin zan ɗaga, ba kuwa don tsoron soja ba, don dai ɗana ya riƙa kirana ranar Juma'a. Abin da ke hana ni sukuni shi ne na riga na san hannun ba zai karye ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya raya Ummi, ya sa ta tashi inda ake tambayar mutum kwanansa a tsaya a ji amsa. Ni kuma ya ba ni abin riƙewa, ko na ɗan lokaci ne.

Naki har a sake haɗuwa,
Malam Idi