Giwar da Kuka Nuna wa Mahaifina

Zuwa ga Manajan kamfanin yawon buɗe ido da ya kai mu kwanan daji,
Jos, Jihar Filato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, malamar firamare ce ni, ina zaune a Nasarawa Gwom. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, ka dai san kanka. Na zo ofishinka ban same ka ba, na buga waya aka ce oga yana mitin, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Mahaifina, Malam Sale, mai zanen motoci ne. Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota a hanyar Bauci ya ga giwa ta ɗaga hanci a jikin bodi, wataƙila aikin hannun Baba ya gani. A kalanda ya koyi kamanninta. Ya taɓa ganin ta a gidan zu, amma ya ce waccan fursuna ce. Burinsa ya ga yadda take taka ƙasa a dajinta, domin kullum yana zargin ƙafafun da yake zana mata ba daidai suke ba. Da likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba, sai ni da ƙannena muka ga tallanku: tafiya mai rahusa, kwana a tanti, kallon namun daji. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Na yi wa sakatariyarku bayanin idon Baba tun ranar da na biya, ta ce tafiya ce ta masu son natsuwa. Ranar tashi kuwa sai kuka yi mana irin ta tasha, wato sai mota ta cika. Kujerun da suka rage kuka cike su da samari da 'yan mata masu bikin ranar haihuwa, da janaretonsu da lasifika. Ban ga laifinsu ba. Yara ne masu ladabi, su suka bar wa Baba kujerar gaba, kuma su fikinik aka ce musu za a je.

Na biyu. Tantin ya yage, tururuwa ta ciccije mu, gwaggon biri ya gudu da burodinmu. Duk wannan na yafe, mun san rahusa muka biya. Baba ma dariya ya yi ta yi.

Na uku. Tun la'asar aka ta da janareto, kiɗa ya cika daji kamar ana biki a unguwar Rikkos. Wani ma'aikacin gandun dajin ya zo ya roƙa a kashe, jagoranku ya ce dole kwastoma su ji daɗi. Da asuba muka fita mashayar da aka ce giwaye na zuwa. Sawunsu da kashinsu na jiya kawai muka tarar. Ma'aikacin ya ce ƙarar ce ta kore su can cikin daji, inda mota ba ta shiga.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. A hanyar dawowa jagoranku ya tsai da mota, ya dafa kafaɗar Baba, ya nuna masa wani baƙin dutse can nesa a gindin itatuwa, ya ce ga giwa nan tsaye. Sannan ya juyo ya ƙifta mana ido. Wasu suka toshe baki suna dariya. Baba ya miƙe da kyar, ya kare rana da tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga hannu yana hamdala, hawaye na bin gemunsa. Ya ce ya ga bayanta da kunnenta, ƙafafun ne ciyawa ta rufe. Ranka ya daɗe, mutumin da aka haifa a Jos, ya tsufa cikin duwatsu, a ce shi za a nuna wa dutse da sunan giwa! Na ji kunya, na ji baƙin ciki, har yau ban huce ba.

Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Kullum da hantsi muna kai shi bakin garejin da yake aiki a da ya zauna, duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ba shi labarin giwar da ya gani, irin girmanta, da yadda ko motsi ba ta yi ba saboda kwarjini.

Ba kuɗina nake nema ba. Roƙona shi ne ku raba masu zuwa rawa da masu zuwa kallo, ko da mota za ta tashi rabi. Ku hana shiga daji da lasifika. Ku gaya wa jagoranku cewa idan dabba ba ta fito ba, ya faɗa wa mutane ba ta fito ba. In zai ba da haƙuri, ya same ni a makaranta, kada ya taka ƙofar gidanmu.

Ku kuma 'yan unguwarmu da abokan aikin Baba da za ku ga wannan takarda, don girman Allah kada wanda ya karanta masa. In ya ba ku labarin giwarsa, ku saurara, ku ce masa barka.

Ranka ya daɗe, ina yi maka addu'a Allah ya albarkaci kasuwarka, ya shirya maka zuriya, ya bar maka idanunka har tsufa. In kuma wata rana suka gaza, Allah ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiyar abin da ke gabanka.

Wassalam.

Hajara Sale,
Nasarawa Gwom, Jos.