Ƙofar Da Nake Nufi Ba Ta Sito Ba Ce

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Likitoci, Babban Asibiti
Daga: Kafinta, mahaifin Auta
Kwanan wata: Laraba, 6 ga Maris, 2024

Game da: Ranar da aka sa ta cire haƙorin 'yata ba tare da sanin Likitar Jini ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa tare da girmamawa, ina roƙon a saurare ni. Ƙorafi na kawo, amma murna ba ta gama sakina ba.

Autata shekararta goma sha uku. Tun tana rarrafe, in ta yanke jinin ba ya tsayawa da wuri. Duk asibitin da muka je sai a auna, a ce ƙwayoyin jini da ke toshe rauni sun cika cif, mu koma gida. Gwaggonta ta ce jinin dangin uwarta ne mai ruwa-ruwa, uwarta ta ce na danginmu ne, ni kuwa ina tsakiya da auduga a aljihu.

A ranar 20 ga Fabrairu Likitar Jini ta wannan asibiti, Allah Ya saka mata da alheri, ta zaunar da mu ta zana mana a takarda. Ta ce a jikin kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin waɗanda ido ba ya gani. In an ji rauni sai su buɗe, wasu sinadarai su shiga, wasu su fito fili, jini ya sami wurin kamawa ya daskare. Ƙwayoyin Auta sun cika, iri ɗaya ne daga cikin ƙofofin ba ya buɗewa. Ranka ya daɗe, ƙofa! Ni da na tsufa a kan ƙofofi! Na yi dariya har likita ta miƙo mini ruwa. Tun daga ranar babu wanda ya shigo shagona ya fita ban zana masa ƙwayar a jikin katako ba, har mai walda maƙwabcina ya fara canza hanya. Likita ta gargaɗe mu cewa kada a taɓa haƙori ko wuƙa ta taɓa yarinyar sai an sanar da ita ta yi tanadin lafiyayyun ƙwayoyin jini da za a ƙara mata.

Ga ƙorafina:

1. A ranar Litinin, 4 ga Maris, na kai Auta sashen haƙori saboda haƙorin turmi na hagu da ya kumbura mata kumatu. Daga shago na wuce, da garin katako a rigata da abin awo a ƙugu. Na shaida wa ma'aikaciyar da ke tebur, cikin zumuɗi, cewa matsalarmu ƙofa ce ba ta buɗewa. Fuskarta ta washe, ta ce ai sun daɗe suna jirana, ta kira ni Baba, ta kama hanya ina biye.

2. Sito ta kai ni. Ƙofarsa ta sha ruwa ta kumbura tana cijewa a dabe. Na yi ƙoƙarin bayani, ta ce kada in damu, ofis ya san da zancen. Ba na ɓoye wa Mai Girma cewa na gyara ta, domin ba na iya ganin ƙofa tana kuka in wuce. Na cire, na fere ƙasan, na mayar. Masu shara har tafi suka yi mini.

3. Kafin in dawo an duba Auta ita kaɗai, an auna jininta, an ce ƙwayoyin sun cika, an sa ranar Litinin, 18 ga Maris, don cire haƙorin. Yarinya ce mai kunya, ba ta iya musu da manya. Ta ce ta ɗaga hannu kamar a aji, ba a gani ba.

4. Na sake bayani ga ƙaramin likita da ke bakin aiki, na ce ƙofar cikin jini nake nufi. Ya saurare ni da ladabi, ya ce awo bai nuna komai ba, kuma an gode da aikin sito. Na roƙa a kira Likitar Jini, aka ce tana hutu, ba a da hurumin damunta. Wataƙila bakina ne bai iya jera maganar yadda ta jera ba. To ai shi ya sa nake so a ji daga nata.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a dakatar da wannan rana har sai sashen haƙori ya yi magana da Likitar Jini ko wanda ta bar wa aikinta, kuma a yi tanadin da ta ambata. Ba na neman a hukunta kowa. Ma'aikaciyar mutuniyar kirki ce, rigata ce ta yaudare ta.

Ranka ya daɗe, a karon farko a rayuwar yarinyar nan mun san sunan abin da ke damunta, uwarta har ta fara barinta ta yanka albasa tana tsaye a kanta. Idan ba a yi wannan magana ba kafin ranar 18, ba zan kawo ta ba. Amma kumatun kullum ƙara hawa yake, kuma wallahi ban san inda zan kai ta ba in ba nan ba.

Ina jiran amsarka da dukkan biyayya. Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Naka mai ladabi,
Kafinta, mahaifin Auta
(sa hannu)